Tambaya kan sayen piyano na katako a Zariya

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana piyano ku ba ni shawara.

Shekara uku ke nan ɗana yana koyo da kibod, wato piyano na lantarki, mai maɓalli 61 a gidanmu da ke Samaru. Ni dai a kunnena ya iya, amma ka san uba da ɗansa. Makon jiya a Wusasa ya zauna gaban piyano na katako mai maɓalli 88, sai ya rikice: maɓallan sun yi masa nauyi, hannun hagu na ta baya, kafin minti goma wuyan hannu ya fara ciwo. Rashin sabo ne, ko dama bai kai inda nake zato ba? A matakan ABRSM, wato hukumar jarabawar kiɗa ta Birtaniya, daga 1 zuwa 8, yaya zan gane inda yake?

Ga shi an yi mini tayin wani tsohon piyano a Sabon Gari. Hunturu ne damuwata, don busasshiyar iska kan tsaga katakon da ke fitar da sauti, wayoyin da ke cikin piyanon, sama da 200, kuma su saki. Ƙofar ɗakinmu ma kumbura take da damina, ta motse da rani. Akwai mai saita sautin piyano a Zariya ko Kaduna, ko sai daga Legas?