Laburaren makarantarmu ya koma sito: wa zan tunkara, kuma da wace magana?

Malamar Hausa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa tayar da laburaren makaranta daga kwance, ko suka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Ina koyar da Hausa a wata ƙaramar sakandaren gwamnati a jihar Katsina. Muna da ɗaki da aka rubuta wa suna laburare a saman ƙofa, amma abin da ke cikinsa yanzu karyayyun kujeru ne, da ragowar siminti, da ɗaurin tsofaffin takardun jarrabawa. Littattafan suna cikin kwalaye a kusurwa. Na buɗe wasu: na ƙasa gara ta cinye, na sama kuma yoyon kwano ya manne shafukansu. Akwai waɗanda ko ledarsu ba a cire ba. Makulli yana hannun mai kula da sito, shi kuma an gaya masa duk littafin da ya ɓace a albashinsa za a cire. Ba na ganin laifinsa da ya ƙi buɗewa.

Yaran ne suka fi damuna. Ina da ɗalibai a aji biyu da suke iya karanta abin da na rubuta a allo, amma ba su taɓa ɗaukar littafi ɗaya sun kai ƙarshensa ba. Na kawo 'yan littattafan labarai daga gida na riƙa ba su aro. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta dawo mini da nata a naɗe cikin leda don kada ya yi datti, ta tsaya a bakin tebur tana murza gefen hijabinta, ta ce, "Malama, akwai na biyunsa?" Babu. Amma na san a cikin kwalayen can akwai irinsa.

Na yi wa shugaban makaranta magana, ya ce babu kuɗi, kuma gaskiya ya faɗa. Na ɗaga maganar a taron iyaye da malamai, wani dattijo ya miƙe ya ce yaransu a ƙasa suke zama, kujera ta fi littafin tatsuniya gaggawa. Jama'a suka amsa masa, magana ta mutu a nan.

To wa ke da alhakin laburare a hukumance? Akwai wata doka ko ƙa'ida da zan kafa hujja da ita? Kuma ta yaya ake shawo kan iyaye irin wannan dattijo ba tare da an raina abin da ke damunsu ba?

Tsohon ma'aikacin laburare, Zariya:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri. A wannan aiki na tsufa, bari in faɗa miki abin da na gani yana ci.

Hujja dai kina da ita. Kundin manufofin ilimi na ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi ta sabunta shi, ya lissafa laburare cikin muhimman hidimomin ilimi, ya ɗora wa duk mai makaranta, gwamnati ko mai zaman kansa, nauyin samar da laburare mai aiki da horar da waɗanda za su riƙe shi. Ki lura da "mai aiki", domin ɗakin da ke kulle bai cika wannan sharaɗi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta haɗa firamare da ajujuwa uku na ƙaramar sakandare, ita ce ta kafa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wadda ake ware wa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jihohi kuma su kawo nasu kason kafin su karɓa ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Kada ki ɓata takarda wajen rubuta wa asusun tallafa wa ilimi na TETFund, tun 2011 aikinta ya tsaya ga manyan makarantu kawai.

Amma kada ki fara da wasiƙa. Idan kika je ofis kika ce "muna son laburare", abin da jami'i zai ji shi ne gini da kwangila da miliyoyi, sai ya ce a jira kasafin baɗi. Ki fara da abin da ba ya cin kwabo, kuma yana hannun shugabanku.

Ki roƙe shi ya rubuta takarda ya sa hannu cewa littattafan sun fita daga wuyan mai sito sun koma hannun kwamitin laburare, wato ke da wani malami ɗaya ko biyu. Muddin mutum ɗaya ne zai biya asarar littafi, ɗakin nan ba zai buɗu ba. Na ga wannan a makarantu da yawa: sabbin littattafai su ruɓe a kwali saboda tsoron ranar bincike.

Sannan ki nemi a sa darasin laburare a jadawali, ko da sau ɗaya a mako ga kowane aji. Wannan shi ne ginshiƙin abin. Abin da ba ya cikin jadawali, da an sauya miki makaranta zai bi ki. Abin da ke cikin jadawali kuwa, dole a nemo wanda zai riƙe shi.

Ki samo babban littafin rajista, ki ja layi: kwanan wata, sunan ɗalibi, aji, sunan littafi, ranar dawowa. Ki zaɓi ɗalibai masu natsuwa su riƙa cikewa, za ki sha mamakin yadda suke riƙe amana idan an ba su muƙami. Bayan zango ɗaya wannan rajista ita ce bakinki. Maimakon ki ce yara suna son karatu, sai ki buɗe shafi ki nuna sunaye, da littafin da aka ara har bangonsa ya fita. Da ita za ki je wajen sakataren ilimi, da ita za ki je taron iyaye.

Game da ɗakin, a fara toshe yoyo kafin komai. Kantar littattafai ta kasance mai ƙafar ƙarfe idan da hali, a ɗaga ta daga ƙasa, a bar tazara tsakaninta da bango, domin ta nan gara ke hawa. Littattafan da gara ta taɓa a ware su waje ɗaya, a shanya sauran a inuwa, ba a rana ba, rana tana busar da gam. Kada ki wahalar da kanki da lambobin tsarin Dewey, waɗanda ake rarraba littattafan laburare da su, yanzu. Salatif mai launi ya isa: launi ɗaya ga Hausa, ɗaya ga Turanci, ɗaya ga kimiyya, ɗaya ga addini.

Idan kina son taimakon masu sana'ar, Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1962, tana da rassa a jihohi, akwai kuma ta laburaren makarantu da aka kafa a 1977. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero duk suna da sashen koyar da aikin laburare, ɗalibansu kuma suna neman wurin gwajin aiki. Haka masu yi wa ƙasa hidima, da yawansu suna neman aikin al'umma da za su bari a baya. Ki duba ko an turo muku wani bana.

Baban yara, ɗan kwamitin SBMC (kwamitin al'umma mai kula da makaranta):

Malama, sannu da ƙoƙari. Baba na Zariya ya yi bayani mai amfani, amma ni ta ɓangaren iyaye zan yi magana, domin da ina wurin taron nan da na goyi bayan dattijon. Mutumin da ɗansa ke dawowa gida da ƙura a wando ba zai saurari zancen tatsuniya ba. Kada ki yi jayayya da shi a kan kujera. Ki nuna masa aljihunsa. Littattafan da ake buƙata a shekara, uba mai 'ya'ya huɗu a makaranta ba zai iya saya wa kowa ba. Idan akwai kwafi goma a laburare, aji guda zai ci moriyarsu bana, ƙannensu su ci baɗi. Haka aka kawo mana maganar a makarantar 'ya'yana, kuma a nan muka saurara.

Ki bi ta kwamitin SBMC, ba ta taron iyaye kaɗai ba. A cikinsa akwai wakilin mai gari, da malamin addini, da wakiliyar mata, da tsohon ɗalibi, kuma shi ne ke tsara abin da makaranta ta fi buƙata. Tallafin gyaran makarantu da ke zuwa kai tsaye, irin na UBEC ko na shirin AGILE na ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi, wanda Katsina na cikinsa, ta hannun kwamitin yake bi. Idan laburare bai shiga tsarin da kwamiti ya rubuta ba, ko kuɗi sun zo ba za a tuna da shi ba.

Mu limaminmu ne ya buɗe mana hanya. Bayan sallar Juma'a ya tunatar da jama'a hadisin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, sadaka mai gudana da ilimi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a, ya ce littafin da aka ajiye yara suna karantawa ya haɗa biyu daga ciki. Wani kafinta ya yi mana kanta biyu kyauta, katako kawai muka saya. Wata hajiya ta sayi littattafai da sunan mahaifinta da ya rasu, muka buga hatimi a shafin farko aka rubuta waƙafi ne.

Abu biyu zan ja kunnenki a kai. Kada ki ce "a kawo mana littattafai" haka kawai, za a juye miki tarkacen da mutane ke neman inda za su zubar, tsofaffin littattafan jami'a da mujallun da ba mai karantawa. Ki rubuta sunayen waɗanda kike so da farashinsu, mutum ya zaɓi abin da zai iya. Sannan iyaye da yawa da sun ji littafin Hausa, na soyayya suke tunawa. Ki sa uwa ɗaya da malamin addini cikin masu duba abin da zai hau kanta. Idan sun gani da idonsu, su ne za su kare ki a gari.

Malami daga Maraɗi:

Gaisuwa daga wannan gefen iyaka. Namu kwamitin COGES ake ce masa, aikinsa kusan ɗaya da naku. Makarantar da nake ba ta da ɗakin da za a ware ko kaɗan, don haka akwatin ƙarfe muka yi mai kwaɗo, ana ɗaukarsa aji zuwa aji, rajista tana ciki. Gara ba ta shiga, ruwa ba ya taɓawa. Idan gyaran kwano zai ja lokaci, Malama, ki zaɓi masu kyau daga kwalayen ki fara da akwati tun yanzu.

Littattafan Hausa da muke samu mafi yawa daga wajenku suke zuwa, Kano da Zariya. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya daɗe yana buga na makarantu. Ga yaran da karatunsu bai nuna ba, ki nemi ragowar littattafan koyon karatu da Hausa da shirin RANA ya yi amfani da su a firamaren Katsina da Zamfara. Ɗan aji ɗaya na sakandare da ke tuntuɓe a karatu zai amfana da su, muddin ba a ba shi a gaban abokansa ba.

Malamar Hausa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kai wa shugabanmu maganar takarda da jadawali. Ya yarda da takardar nan take, ya ce shi ma nauyin mai siton yana damunsa. Jadawali kuma sai sabon zango, amma ya ba ni izinin amfani da ɗaya daga cikin darussana na Hausa kafin nan. Akwai tsohon akwatin ƙarfe a ofis, da shi zan fara kamar yadda Malam na Maraɗi ya ce.

Baba na Zariya, saura abu ɗaya. Malaman da nake son su shiga kwamiti suna tambaya: idan yaro ya ɓatar da littafi fa? Yawancin iyayen nan ba za su iya biya ba, kuma ba na son a kai ga duka ko kora.

Tsohon ma'aikacin laburare, Zariya:

Madalla, 'yata. Littafi zai ɓace, ku sa wannan a ranku tun yanzu, ku rubuta shi a cikin ƙa'idar kwamiti, shugaba ya sa hannu: abin da ya ɓace ta hanyar aro, kuma yana cikin rajista, ba bashi ba ne a kan malami. Yaron da ya ɓatar, a ba shi mako biyu ya nema, sau da yawa yana hannun yayarsa ko maƙwabci ana karantawa. Idan bai samu ba, mai hali ya kawo wani a madadinsa, marar hali ya yi wa laburare aiki: shara, jera littattafai, liƙa bangon da ya yage. Kada a hana shi aro gaba ɗaya, a dai ce ya karanta a makaranta na ɗan lokaci. Ƙamus da littattafan da kuke da kwafi ɗaya tak kada su fita daga ɗaki.

Ƙarshen kowane zango ku ƙirga abin da ke akwai, ku rubuta abin da ya ɓace da wanda ya lalace, ku ba kwamitin SBMC kwafi. Sannan ki sa ido ga 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya ta UNESCO, ko watan Oktoba da ake ware wa laburaren makarantu a duniya. Ki gayyaci mai gari da liman da sakataren ilimi, da dattijon nan na kujera, ki ba shi wurin zama a gaba. Kada a cika jawabi. A bar yara uku ko huɗu su karanta da ƙarfi daga littattafan da suka ara, a ajiye rajista a kan tebur, a gefenta kuma takardar sunayen littattafan da ake nema da farashinsu.