Ku da kuka koma wata ƙasa aiki, yaya kuka yi da ƙarancin kwanakin hutu?

Nas a Teksas

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata 8 ke nan da na baro Ingila na koma Amurka da aiki, kuma akwai abin da yake ci mini rai wanda babu wanda ya taɓa yi mini maganarsa lokacin da ake ta ƙarfafa mini gwiwar tahowa. Kowa albashi yake faɗa. Albashin kuwa ya ƙaru, ban musa ba. Hutun ne babu.

A asibitocin gwamnatin Ingila, ranar da ka fara aiki kana da kwana 27, ga kwana 8 na hutun ƙasa, 35 ke nan. Idan ka kwanta ciwo, wannan lissafinsa daban ne. A nan abin da suka ba ni awa 120 ne a shekara, suna kiransa PTO, kuma ciwo da tafiya da zuwa makarantar yaro duk daga ciki ake cira. Mu da muke aikin awa 12 a rana, awa 120 ranar aiki 10 ce kacal. Ba kuma a dunƙule ake ba ka ba, tarawa kake yi: duk sati biyu idan albashi ya shigo, sai ka ga an ƙara maka awa huɗu da rabi da 'yan mintoci.

A watan Fabrairu zazzaɓi ya kwantar da ni, na rasa ranar aiki uku. Da na buɗe manhajar wurin aiki na ga awa 36 sun tafi, sai da na zauna cikin mota na yi kuka, domin waɗannan awoyin na mahaifiyata ne. Ta manyanta, ƙafa tana damunta, kuma duk shekara na saba in je in yi mata sati huɗu. Jiya ta tambaye ni a waya yaushe zan zo, na ce mata ina nan tafe, alhali ban san yaushe ba.

Don Allah waɗanda suka riga ni shiga wannan hali, yaya kuka yi?

Tsohon Injiniya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Hajiya lafiya. Shekarata 14 a ƙasar nan, kuma abin da kika ji a mota na ji irinsa.

Ki fara sanin cewa a Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci hutu da albashi, ko na kwana ɗaya. Dokar ƙwadago ta 1938 ta yi maganar mafi ƙarancin albashi da kuɗin aikin ƙarin lokaci, ba ta ce komai a kan hutu ba. Ranakun hutun tarayya 11 da kike gani a kalanda ma ma'aikatan gwamnati suka shafa, kamfani yana iya bayarwa, yana iya hanawa. Saboda haka hutu a nan ciniki ne, kamar albashi. Ni ban san haka ba, aikina na farko kwana 10 aka ce, na sa hannu ban ce uffan ba. Da zan canza aiki bayan shekara 4, sai na ce musu na yarda da albashin yadda yake, amma ina son kwana 20 a rubuce cikin takardar ɗauka. Suka ba ni 18. Lokacin da ake neman ki shi ne lokacin da maganarki take da nauyi.

Sai abu na biyu, wanda ya fi shafarki. Akwai dokar 1993 da ake kira FMLA. Tana ba ki har sati 12 a shekara domin jinyar uwa, ko uba, ko ɗa, ko miji, idan ciwon mai tsanani ne, kuma aikinki yana nan yana jiranki, inshorar lafiyarki ba ta tsayawa. Sharuɗɗanta: ki cika wata 12 a wurin, ki yi aikin awa 1,250 a cikinsu, kuma wurin yana da ma'aikata 50 ko fiye. Ko majinyacin yana wata ƙasa ana karɓar takardar likitansa. Da ita na yi wa mahaifina jinyar sati 7. Sai dai ko sisi ba a biya, haya kuwa ba ta san kana jinya ba. Tun daga lokacin nake ware albashin wata biyu a asusu daban, ba na taɓa shi. Ki lura kuma, surukai ba sa ciki. Da mahaifiyar maiɗakina ta kwanta, maiɗakin tawa kaɗai dokar ta rufa wa asiri.

Maman 'Yan Biyu

Yaya, na gode da wannan bayani, ko ni da ba a Amurka nake ba na ƙaru. Mu daga Faransa muka koma Ontariyo ta Kanada. A Faransa sati 5 doka ce tun 1982, kuma watan Agusta kusan kowa yana tafiya, ba wanda zai kalle ka don ka yi sati uku ba ka nan. A nan sati 2 ne, sai ka shekara 5 a wuri ɗaya ya zama 3. Kuɗin hutun ma kashi 4 cikin 100 na albashi ne, wurin da na fara aiki a cikin kowane albashi suke haɗa shi, sai ka cinye ba ka sani ba, ranar tafiya ka tarar babu komai.

Abin da ya fi yi mini ciwo yara ne. Makaranta tana rufewa wata biyu cur a bazara, ni da babansu kuma sati 2 kowannenmu. Sai muka koma rabawa, ya ɗauki nasa a Yuli, in ɗauki nawa a Agusta, don a rage kuɗin masu raino. Shekara uku ke nan ba mu yi hutu tare da shi ba, ko na sati ɗaya.

Mai Bincike a Japan

Ni nawa ya ɗan bambanta, domin ba ƙarancin kwanakin ne kaɗai ba, har da nauyin bakin tambaya.

Daga Jamus na zo. Can doka kwana 20 ta ce ga mai aikin kwana biyar a sati, amma inda nake 30 ake ba mu, kuma shugabana da kansa yake tuna mini idan shekara ta yi nisa ban ɗauka ba. Idan ciwo ya kama ka a tsakiyar hutu ka kawo takardar likita, a mayar maka da kwanakin. A Japan sai ka yi wata 6 kafin ka samu kwana 10, suna ƙaruwa a hankali har su kai 20 bayan shekara shida da rabi. Babu hutun ciwo mai albashi a doka, saboda haka abokan aikina suna ajiye rabin nasu saboda mura.

Ranar da na kai takardar neman kwana 8 a jere, shugaban sashenmu bai hana ba. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ja numfashi ta haƙora, ya ce zai duba wanda zai riƙe aikina. Wannan shirun ya fi mini hani nauyi. Da na dawo, sai da na bi tebur-tebur ina ba mutane haƙurin wahalar da na ɗora musu, haka ake yi. Ba mugunta ba ce, mutanen kirki ne, su ma haka suke yi wa kansu. Har sai da gwamnati ta yi doka a 2019 cewa dole kamfani ya tabbatar ma'aikaci ya ɗauki aƙalla kwana 5 a shekara.

Dabarar da na samu ita ce jingina kwanakina da hutun ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, ko na sabuwar shekara, lokacin da ofis yake rufe. Tikiti yana tsada sosai a lokacin, amma ba na ɗora wa kowa aikina.

Direban Babbar Mota

Ku yi mini haƙuri, ni ra'ayina ya saɓa kaɗan. Na yi shekara 6 a Dubai, kwana 30 ake ba mu, sai dai na kalanda ne, da ranakun ƙarshen mako a ciki, idan ka cire su kusan 22 ne na aiki. Ina zuwa gida duk shekara, amma hannuna babu nauyi. Yanzu a Amurka sati ɗaya nake da shi da albashi, sauran idan na ajiye mota babu kuɗi. Duk da haka a nan na biya kuɗin aikin idon mahaifiyata, na kuma sa ƙannena biyu a jami'a. Na san abin da na saya, na san abin da na bayar, kuma ban yi nadama ba. Shekara biyu nake haɗawa in tafi sau ɗaya in yi wata guda.

'Yar Auta

Malam, Allah ya saka maka da abin da ka yi wa iyaye. Ni ma haka na riƙa lissafi, shekara biyu-biyu. Kamfaninmu irin masu cewa hutu ba shi da iyaka ne, ka ɗauki yadda kake so idan shugaba ya yarda. Da yake babu adadi a rubuce, sai kowa yake duba na kusa da shi, ni kuma baƙuwa mai bizar aiki, ba na son a ce na fi kowa tafiya. A shekara biyu kwana 13 na ɗauka.

Na sa ranar zuwa a Disamba. Babana ya rasu a Oktoba. Kafin jirgina ya sauka an riga an kai shi makwancinsa. Na tarar da tabaransa a kan littafin da yake karantawa, da takardar da ya rubuta ranar zuwana a jiki. Anti Nas, kada ki jira awoyin su cika yadda kike so. Ko kwana 9 ne ki je.

Tsohon Injiniya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ki haƙuri, 'yata.

Nas a Teksas

Allah ya jiƙansa da rahama, ƙanwata. Na karanta saƙonki a wurin aiki da dare, ban iya amsawa ba sai yanzu.

Da safe na samu mai tsara mana jadawali, muka zauna da kalanda. Aiki uku nake yi a sati. Idan na yi Lahadi, Litinin da Talata, sannan sati mai zuwa na yi Alhamis, Juma'a da Asabar, ina da kwana 8 a tsakani ba tare da na taɓa awa ɗaya ba. Idan na saka sati guda na hutu a tsakiya, awa 36, ya zama kwana 15. Yanzu awa 44 nake da su. Hanya za ta ci kwana uku zuwa da dawowa, saura 12 a gaban Hajiya. Aiki uku a jere bayan doguwar tafiya zai yi wuya, na sani, wata abokiyar aikina ta ce za ta karɓar mini na Alhamis idan jirgi ya yi latti, ni kuma in riƙe mata ranar Kirsimeti.

Yaya Injiniya, saura wata 4 in cika shekara, zan nemi takardun FMLA in ajiye, kuma asusun nan da ka faɗa na buɗe shi yau. Maman 'Yan Biyu, idan kin samu hanyar da kuka bi da maigida ku haɗa hutunku, ki dawo ki faɗa mana, akwai masu yara a nan da yawa.

Na sayi tikitin 14 ga wata mai zuwa. Na kira Hajiya na faɗa mata, ta sa na maimaita ranar sau biyu, sannan ta kira ƙanwata ta ce ta rubuta mata a bango.