Mararaba, Kubwa ko Lugbe? A ba ni shawara kafin in biya kuɗin haya

Ɗan Gwale:
Salamu alaikum jama'a. An yi min canjin wajen aiki daga Kano zuwa Abuja, yau wata biyu kenan ina raɓe a ɗakin wani abokina a Garki, katifa nake shimfiɗawa a falo da safe in naɗe, shi dai bai ce komai ba amma ni na fara jin nauyi. Iyali suna can Kano, madam da yara uku. Ofis ɗinmu yana kusa da sakatariyar tarayya kuma ƙarfe takwas ake ɗauke littafin sa hannu. Ina da 'yar tsohuwar mota amma tunda aka cire tallafin mai a 2023 ba kullum nake tada ta ba.

Cikin gari kam na haƙura, da na ji kuɗin ɗaki biyu da falo a Wuse sai da na yi salati. Dillali ya kai ni gidaje uku, ɗaya a Mararaba, ɗaya a Kubwa wajen Gbazango, ɗaya a Lugbe. Na Mararaba ya fi girma, har da tsakar gida, kuma kuɗinsa kusan rabin na Kubwa ne, gaskiya zuciyata can ta karkata don ranar da muka je ko minti talatin ba mu yi a hanya ba. Amma da na gaya wa abokina sai ya fashe da dariya ya ƙi cewa komai. Don Allah waɗanda suka daɗe a garin nan wanne za ku ba ni shawara?

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa tambaya ɗaya, wace rana dillalin ya kai ka? Na rantse Asabar ce ko Lahadi, haka suke yi.

Shekara shida na yi a Mararaba, ta wajen Kabayi. Matsalar wajen ba nisa ba ce, in hanya a buɗe take nan da nan ka ga kanka a AYA, mahaɗar shiga gari ta Asokoro. Matsalar ita ce duk mutanen Masaka da Ado da One Man Village da Mararaba, ga na Nyanya da Karu da Jikwoyi, kowa titi ɗaya yake bi, titin Keffi, kuma kowa ƙarfe takwas yake so ya isa. Sai a zo hawan Kugbo a cushe, in tirela ɗaya ta mutu a kan hawan nan to ranar sai dai haƙuri. Bayan bom ɗin tashar Nyanya na 2014 da aka sa shingen sojoji kuwa, wlh mun ga rayuwa.

Ni lokacin ƙarfe biyar da kwata nake fita, sallar asuba a hanya nake yi ko in na isa, in kuwa na kuskura na kai shida da rabi a gida to tara ta same ni a mota. Dawowa ta fi muni. Ƙaramin ɗana har ya fara ƙiwa da ni saboda na fita yana barci na dawo yana barci, ranar nan ya kira ni kawu, uwarsa na dariya ni kuma abin ya tsaya min a rai, shi ne ma dalilin tashina. Kuma ka lissafa man da mota ke sha a tsaye a gosulo, rabin nan da kake ganin ka rage a haya titi ne zai karɓe shi kaɗan-kaɗan.

Amma fa in faɗi gaskiya, zama a can akwai daɗi, 'yan'uwa ko'ina, masallaci da islamiyya ba ka nema, kayan miya da arha, har yanzu can madam take zuwa cefanen wata.

Maman Ilham:
Malam ni Kubwa zan ce maka, shekara tara muna nan. Titin da faɗi sosai, ana samun cunkoso ta mahaɗar Dutse da wajen Gwarinpa amma yana tafiya, ba irin na tsayawa cak ba. Maigidana bakwai saura kwata yake fita yana shiga alon, wato motar haya ta haɗaka, zuwa Berger ko sakatariya kai tsaye, bai cika makara ba.

Sannan ka tuna kai mutumin Kano ne, ba ofis kaɗai za ka riƙa zuwa ba, ga biki ga rasuwa ga sallah. Daga Kubwa ka miƙe Dei-Dei, Zuba, sai hanyar Kaduna, ba sai ka ratsa gari ba. Ga tashar jirgin ƙasa nan a Kubwa, ka hau ka sauka Rigasa a Kaduna. Wanda yake Mararaba sai ya keta Abuja gaba ɗaya kafin ma a ce ya fara tafiya.

Abin da ku maza ba ku tambaya kuma mu ke shan wahalarsa: ruwa. Wasu unguwannin Kubwa suna samun na famfo saboda dam ɗin Usuma yana kusa, wasu kuma sai masu kura, to ka buɗe famfon da hannunka ka gani, ka kuma tambayi matan gidan ba mai gidan ba. Da makarantar yara, in sai an hau Keke biyu kafin a kai su to wannan ma tafiya ce, kuma madam za ka bar wa. Sai tsaro, farkon 2024 an yi ta satar mutane ta wajen Bwari, shi ya sa ban son gidajen can ƙarshen gari da ke jikin duwatsu komai arharsu.

Direban Area 1:
Hajiya kin yi gaskiya amma kin manta daga cikin Gbazango zuwa bakin titi ma aiki ne da safe. Yallaɓai ni tasi nake ja shekara da shekaru, duk hanyoyin nan na san su. In sakatariya ce, Lugbe ta fi Kubwa kusa da kai, titin filin jirgi ne a miƙe, ka wuce City Gate ga filin wasa ga ka a gari. Illa dai in manya za su fita ko za su sauka a tsare hanya, sai ka zauna ka kashe mota. Kuma Lugben ma kala-kala ce, rukunin gidajen gwamnatin tarayya na FHA daban, can ciki inda babu kwalta daban, kuma akwai wuraren da ruwa ke ci, a daminar 2023 wani rukunin gidaje ya nutse har da motoci. Ka duba jikin katanga, in ka ga layin taɓo ya kai gwiwa ko an yi sabon fenti iya ƙasa kawai, ka kama gabanka.

Kuma ko'ina ka zauna, in za ka shiga alon da duhun asuba ko bayan isha, ka hau a tasha, ban da tsayar da mota a bakin titi saboda 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi.

Ɗan Gwale:
Baban Walid ka kama ni, wlh Lahadi ce da hantsi. Yanzu na gane dariyar abokina. Na gode ƙwarai Allah ya saka. To jirgin ƙasan nan na cikin gari da aka ce yana zuwa Gbazango fa, yana da amfani ga mai aiki?

Baban Walid:
An sake buɗe shi a watan Mayun 2024, daga Gbazango yana zuwa Idu, daga Idu kuma akwai mai shiga tashar cikin gari. Ka je tashar da kanka ka ga lokutan tashinsa, don in bai dace da takwas ɗinka ba duk labari ne. Ni abin da na yi kafin in kama gidan da nake yanzu, na kwana a unguwar daren Lahadi wajen wani ɗan garinmu, Litinin na fito daidai lokacin da zan riƙa fita ina kallon agogo, sannan na koma da yamma bayan an tashi aiki. Ka yi wa duka ukun haka, Litinin uku ce kawai, kuma kada ka yarda dillali ya ce maka wani na zuwa da kuɗi gobe, kullum wani na zuwa da kuɗi gobe.

Ɗan Gwale:
To shikenan, akwai wani yayan madam a Nyanya, bari in kira shi in fara da can Lahadin nan in sha Allah. Hajiya in na zo kan Kubwa zan tambaye ki sunan layin in ji ko suna samun ruwa.