Wace giyar inabi ce ke tafiya da wane abinci? Dan Allah ku taimaka min

Sabon_Weta:
Salam jama'a. Ina neman taimakon waɗanda suka daɗe a aikin gidan abinci a nan Kalifoniya. Sati uku kenan da na fara aikin weta a wani restoran a Sakramento, na gama kwas ɗin RBS ɗin nan da jiha ta wajabta wa masu kai giya tebur tun Yulin 2022, amma doka kawai aka koya mana, yadda za ka duba kati ka ga ko mutum ya kai shekara 21 da yadda za ka gane wanda ya sha ya yi yawa, babu maganar wace kwalba ce ta dace da wane faranti. Jiya wata mata ta yi odar kifin salmon ta ce in zaɓo mata, ni kuma na ga jar giyar Cabernet ta yankin Napa ta fi komai tsada a lis sai na ce ai mai tsada shi ne mai kyau. Ta ci kifi ta yi kurɓa ɗaya, ta ture kofin gefe, ko uffan ba ta ce min ba, har ta tashi kofin na nan cike. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Ni ba na sha kuma ba zan fara ba, to ta yaya zan ba mutum shawara a kan abin da ban taɓa sa wa a baki ba?

Baba_Sonoma:
Ƙanina kwantar da hankalinka, laifin ba na kwalbar ba ne, haɗin ne bai yi ba. Na daɗe ina zuba wa baƙi a ɗakin ɗanɗano, bari in faɗa maka abin da ya faru a bakin matar nan. Cabernet yana da abin da ake kira tanin, daga ɓawon inabi da 'ya'yansa yake fitowa, wani kuma daga gangar katako. Ka san baurin shayin da aka manta da shi a wuta, ka sha ka ji harshe ya bushe kamar an goge shi da tsumma? To shi ne. Idan baurin nan ya haɗu da nama mai kitse sai kitsen ya kwantar da shi, shi kuma ya wanke maiƙon daga baki, kowa ya huta. Amma in ya haɗu da man kifi sai ƙarni ya taso, wasu ma su ce kamar sun lashi ƙarfe. Da ka kai mata Pinot Noir na Russian River Valley ko na Carneros da ta gode maka, saboda wuraren nan hazo na shigo musu daga teku da yamma ya kwana har hantsi, inabin bai nuna da sauri, sai giyar ta fito ba nauyi, da ɗan tsami, bauri kaɗan.

Abin da za ka riƙe shi ne nauyi da nauyi. Faranti mai nauyi, kwalba mai nauyi. Cabernet ka ajiye shi wa steak da haƙarƙarin sa da naman rago. Gasasshen nama mai hayaƙi irin tri-tip na Santa Maria da ake gasawa a kan itacen jan oak, ka kai Zinfandel na Lodi ko Dry Creek Valley.

Maganar ba ka sha kuma, hancinka ya ishe ka rabin aikin. In an buɗe kwalba roƙi mai kula da giya ya zuba maka ɗan kaɗan, ka juya kofin a kan tebur ka sa hanci ka rubuta abin da ka ji a ɗan littafi. Ta hanci ne ma ake gane kwalbar da murfinta ya ɓata, za ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, irin wannan kar ta isa tebur.

Maman_Kicin:
Gaskiya Baba ya faɗa, amma ni daga kicin zan yi magana. Ɗana ka daina kallon naman kaɗai, ka dubi miyar da aka zuba masa. Kaza ɗaya ce, in da lemun tsami da ganye aka yi ta Sauvignon Blanc take so, in da kirim da bota ce sai Chardonnay mai kauri. Sannan barkono. Don Allah kar ka kai wa mai cin abinci mai yaji Zinfandel ɗin da ƙarfinsa ya kai kashi 15, yajin ninkuwa yake yi, na sha ganin mutum na zufa yana neman ruwa faranti ya dawo min rabi. Mai ɗan zaƙi da sanyi ake nema, Riesling ko Gewürztraminer na Anderson Valley.

Lokacin kaguwar Dungeness in ya zo da sanyi, Chardonnay. Kawar Tomales Bay (wato oyster) ɗanya, mai kumfa ko Sauvignon Blanc mai sanyi sosai, cukun akuya ma haka. Atishok kuwa, wani kayan lambu, fitina ne, yana da wani sinadari da ke sa duk abin da ka sha bayansa ya yi zaƙi-zaƙi, to ka kai fara marar zaƙi ko kaɗan. Kuma ka riƙa shigowa kicin kafin a buɗe kana ɗanɗana miya, wannan dai ba abin da ya hana ka.

Dan_Carneros:
Ni inda zan ɗan saɓa da Mama shi ne Chardonnay, ba duka ne ɗaya ba fa. Akwai wanda ya kwana a sabuwar ganga aka kuma bar tsaminsa ya juye ya yi laushi, shi ne mai ƙamshin bota da vanila, akwai kuma wanda aka yi a tankin ƙarfe, shi kamar ɗanyen tuffa yake. In kaguwar da narkakken bota aka kawo ta na farkon ya yi, in lemun tsami kawai aka matsa mata na farkon zai danne ta gaba ɗaya. Sai ka tambayi wanne ne a lis ɗinku.

Ka kuma koyi karanta takardar jikin kwalba, tana rage maka kame-kame. In an rubuta sunan inabi to aƙalla kashi 75 shi ne a ciki, in an rubuta yanki kamar Napa Valley to kashi 85 daga can yake. Tsadar Napa kuma akwai dalili, wajen kashi 4 kacal na giyar jihar nan take bayarwa, ga kuma suna ya yi nisa tun 1976, lokacin da Steven Spurrier, wani ɗan Ingila mai sayar da giya, ya shirya gasar ɗanɗano tsakanin giyar Faransa da ta Kalifoniya a Paris aka rufe sunayen kwalabe, alƙalan Faransa da kansu suka ba Cabernet na Stag's Leap Wine Cellars da Chardonnay na Chateau Montelena na ɗaya, dukansu na gidajen giyar Napa, na shekarar 1973. Kwastomomi na son jin labarin nan sosai, amma labari ba ya sa Cabernet ya dace da kifi.

Sabon_Weta:
Kai na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri, na kwafe duka a waya. Saura ɗaya Baba, in tebur ɗaya wani ya yi odar steak wani kifi kuma kwalba ɗaya suke so fa? Wannan na faruwa kusan kullum.

Baba_Sonoma:
Pinot Noir. Bai fi ƙarfin kifin ba kuma nama bai shanye shi ba. Ka tabbata da ɗan sanyinsa, wajen digiri 15 a ma'aunin Celsius, kar ka ɗauko wanda ya yini kusa da murhu. In kuma ka ga suna ja-in-ja ka ce musu kwalba kofi biyar ce, kowa ya karɓi nasa kofi-kofi ya fi. Kafin ka ambaci ko wace kwalba ma ka fara tambayar mutum me ya saba sha a gida, da ka tambayi matar jiya da ita da bakinta za ta nuna maka hanya. Ka dawo ka faɗa mana yadda daren Juma'a ya kasance.