"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": ɗan shekara 15 ya bushe ne?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Duk sanda na yi kukan halin babban ɗana, sai a ce mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wato na makara. Shekararsa 15. Yaron da a da ba ya barin jikina, yanzu ƙofa yake rufewa, waya a hannu har tsakar dare, in na yi magana ya kumbura baki. Ashe karin maganar tana nufin lokaci ya ƙure mini ne?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam, Hajiya. Masu faɗa miki haka sun ajiye maganar a inda ba muhallinta ba. Gargaɗi ce ga mai ƙaramin yaro kada ya yi sake, ba dutsen jifan uwar da ke cikin damuwa ba. Kuma wa ya ce ɗan 15 ya bushe? Masu binciken ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sashen gabanta, mai auna abu kafin a aikata da danne zuciya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ɗanye ne shataf.

Dattijon Zaure: To in ɗanye ne, Malam, sai a tanƙwara, a bar lallashi. Ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Hajiya, karɓe wayar nan. Ko Ostireliya a 2024 doka ta yi ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga shafukan sada zumunta, balle uwa a ɗakinta.

Tsohon Malami: Alhaji, "ka ƙi naka" ai kada ka biye wa son ransa ake nufi. Mutane sun mayar da ita lasisin tsawa da gori. Na ga ɗalibai da aka ƙwace wa waya, washegari suna aron ta aboki, sai dai yanzu a ɓoye. Ɗanyen icce ma in ka danna shi da ƙarfi lokaci guda, tsagewa yake yi.

Ma'aikaciyar Jinya: Ku bar ni in sa baki ta ɓangaren aikina. Rashin barci da wuri ba duka ne taurin kai ba. Da balaga ta zo, jiki kan jinkirta sakin sinadarin melatonin mai kawo barci, alhali matashi yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Hasken waya yana ƙara dagula lamarin, nan Alhaji yana da gaskiya. Amma rufe ƙofar ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa a matashi sau da yawa da fushi yake bayyana, ba da kuka ba. Hajiya, ki lura: ya rage cin abinci? Ya bar abokansa? Makinsa ya faɗi?

Ɗan Aji Biyar: Gafara dai, iyayena. Kullum ana maganar tanƙwarawa kamar hannu ɗaya ne a kanmu. Gida na ja, jarrabawa na ja, abokai na ja. A zauren aji na WhatsApp a ɗauki hotonka a yi ta dariya har dare, da safe kuma ka shiga aji ka zauna da su. Ana ce mana yaro bai san wuta ba sai ya taka. To in mun taka, wa za mu nuna wa ƙafar? In ka faɗa, faɗa za a fara yi maka kafin a tambayi inda ke ciwo.

Dattijon Zaure: Ɗana, na ji ka, kuma ban san da zancen hoton nan ba. Amma ina nan kan bakana: wayar ta kwana a falo.

Maman Biyu: Wannan zan iya, Alhaji, har da tawa. 'Yar'uwa ma'aikaciyar jinya, makinsa ya faɗi a zangon da ya wuce, ƙwallon ma ya daina fita. Likita zan fara gani ko malamin ajinsu?