Shin labaran ban dariya kan soyayyar jami'a suna cutar da karatun 'ya'ya mata?

Malamin Agege: Assalamu alaikum. Na karanta gajeren labarin da ɗanmu na Akoka ya kawo jiya, na ɗalibin da ya gaya wa budurwarsa cewa mahaifinsa yana da kamfanin safarar amfanin gona, alhali dako yake yi wa kawunsa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, har ranar da ta raka mahaifiyarta cefane ta tarar da shi da buhun albasa a ka. Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Sai dai ina ganin irin waɗannan labarai suna cutar da karatun 'ya'ya mata, domin uban da dama yake jan ƙafa wajen barin 'yarsa ta shiga jami'a, idan aka karanta masa wannan zai ce ashe abin da ake yi ke nan a can, ya ƙara zaunar da ita a gida.

Ɗalibar Ojo: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, uban da zai hana 'yarsa karatu ba ya jiran labari. Abin da na ji iyaye suna kuka da shi shi ne kuɗin makaranta, da ƙarancin ɗakin kwanan ɗalibai, da yadda yarinya za ta fito daga Agege da asuba ta hau danfo biyu ko uku kafin ta isa aji. Kuma a labarin nan saurayin ne ya sha kunya. Yarinyar ta dube shi, ta taya albasar kamar ba ta taɓa ganinsa ba, har ta nemi ragi. Uban da ya ji wannan ai hankalinsa kwanciya zai yi.

Ɗan Akoka: Ranka ya daɗe Malam, tunda ni na rubuta, bari in faɗi inda na samo shi. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 ya fara ne ranar 14 ga Fabrairu, ranar da ake kira ta masoya, bai ƙare ba sai a watan Oktoba, wata takwas ke nan. A cikin waɗannan watanni da yawanmu mun koma kasuwa, wani gwari, wani sayar da katin waya, wani dako. Shi ya sa na sa saurayin ya yi hamdala da jin labarin yajin aikin, saboda ya kuɓutar da shi daga sayen kyautar da bai da kuɗinta. Ƙaryar arziki nake yi wa dariya, ba ɗaliba ba.

Hajiyar Idi-Araba: Ɗana, naka ya tsira, amma kada mu rufe ido ga 'yan uwansa. Mafi yawan waɗanda ake turo mini a WhatsApp, ɗalibar cikinsu ba ta da aiki sai roƙon data da shawarma da sabuwar waya, kuma za ka karanta tun daga farko har ƙarshe ba ka ga ta buɗe littafi ko ta shiga jarrabawa ba. A nan nake tare da Malam. Inda muka rabu shi ne batun magani. A 2007 an ƙone littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya, amma ba a daina karanta su ba, daga baya ma abin ya koma cikin waya inda babu mai tacewa. Gara mata su karɓi alƙalamin, kamar yadda gasar Hikayata ta BBC Hausa ta buɗe musu ƙofa tun 2016, su ma su zana mana samarin yadda suka san su.

Ɗan kasuwar Mile 12: Hajiya, ku duka kuna maganar ɗaliba, ba wanda ya tuna da ɗan dako. Barkwanci a wurinmu yana da ƙa'ida: Bafulatani da Babarbare suna zolayar juna ne saboda kowa yana da bakin ramawa. Yaron da ke sauke buhu daga tirela tun kafin kiran assalatu halal yake nema, kuma ba zai taɓa ganin labarin ba balle ya rama. Me ya sa buhun ne ya zama abin kunya?

Malamin Agege: Alhaji ya taɓo abin da ban lura da shi ba. Amma ɗiyata ta Ojo, har yanzu ban janye ba, domin ke kin karanta labarin har ƙarshe, shi kuwa uban da nake nufi rabinsa za a ba shi a majalisa bayan sallar isha'i, kuma rabin da ake bayarwa ba shi ne na tayin albasa ba.

Ɗan Akoka: Alhaji, a wannan kam na karɓi gyara. Zan sa ta biya shi kuɗin dakon cif, ta kuma ce ya kai musu buhun har bakin mota, a kan hanya ta tambaye shi ko ya gama aikin gidan da za a karɓa ranar Litinin.