Neman kalma: me za mu kira "yokai" da Hausa? Gobe nake ɗaukar shiri

Zainab Rediyo:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Taimako nake nema cikin gaggawa. Gobe ƙarfe 10 na safe zan ɗauki filin matasa da fasaha, kuma wannan makon a kan gem ne. Yaran gidan gem na layinmu ne suka sa ni gaba, wai kullum ƙwallo kawai muka sani. Na tsara zan taɓo Nioh 2 na 2020, da Kunitsu-Gami da Capcom ya fitar a 2024, da Ghost of Yotei na Oktoban 2025, sai ɗan tsokaci kan tsofaffin da aka farfaɗo da su irin su Shinobi da Ninja Gaiden, da Okami na 2006 wanda aka sanar za a yi masa ci gaba. Na gama rubutu tsaf, kalma ɗaya ta tsaya min a wuya: yokai, sunan da Japanawa ke ba halittun ban al'ajabi na labaransu na gargajiya. Na rubuta "aljanu", furodusa ya ja layi da jan biro bai ce komai ba. Me zan sa?

Abba Fagge:
Dodanni. An gama. Duk abin da ya fito da ƙaho yana son cinye ka a gem dodo ne, babban cikinsu kuma bos.

Umar PS:
Abba kai ƙwallo kake bugawa, ka bar mu da wannan. Dodo ya yi daidai da oni, mai ƙaho da kulkin ƙarfe. To amma a Nioh akwai tsohuwar lema mai ido ɗaya da ƙafa ɗaya tana tsalle, ita ma yokai ce. A imanin Japanawa na da, kayan gida idan ya shekara 100 rai na shigarsa. Lema, fitila, takalmi. Ka ce wa yaro lema dodo ce ka ga ko zai gudu.

Malama Hadiza:
Furodusanki ya yi gaskiya Zainab. Aljani ba tatsuniya ba ne a wajen mai sauraronki, sura guda aka saukar da sunansu. Kina cewa "aljanun Japan" a rediyo, wayar tashar ba za ta huta ba. Ni da "iskoki" zan karkata. Iskokin bori kowa da sunansa da halinsa da abin da yake so, Sarkin Rafi, Doguwa, Ɗan Galadima. Haka yokai suke. Kappa a kogi yake zaune, da ɗan faranti na ruwa a tsakar kansa, yana son kokwamba, idan ka rusuna masa shi ma dole ya rusuna, ruwan ya zube ƙarfinsa ya ƙare. Ki gaya min wannan bai yi kama da labarin mutanen ɓoye ba.

Umar PS:
Ya yi Malama. Matsalar ita ce tilo. Tana cewa "wani iska ne ya tare shi a gada", yaran nan za su ji ɗan iska, shiri ya koma wasan kwaikwayo.

Malam Sabo Mai Nahawu:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma abin da na gani shi ne lalaci. Ana ta ɗauko tsohuwar riga ana ƙoƙarin cusa wa baƙo. Baƙon abu sabon suna ake raɗa masa, kuma harshen nan yana da injin yin haka. Muna da mantau, muna da makarau, daga aikatau ake ƙera su. Babbar siffar waɗannan halittu ita ce rikiɗa. Yanyawarsu mai wutsiya tara tana zama mace, lema tana zama mai rai. Saboda haka: RIKIƊAU. Na daɗe da wannan kalma a littafina, yau ranarta ta zo.

Abba Fagge:
Allah gafarta Malam, rikiɗau ai mun san su. Bana suna wannan jam'iyya, baɗi suna waccan.

Malam Sabo Mai Nahawu:
Abba ana maganar ilimi.

Malama Hadiza:
Malam kalmar ta yi daɗi a baki, ban musa ba. Amma mene ne jam'inta? Mantau ba ya da jam'i, laƙabi ne. Zainab kuma garke guda take magana a kai. Sannan oni ba rikiɗa ce sana'arsa ba, yana nan da ƙahonsa yadda ka bar shi.

Malam Sabo Mai Nahawu:
'Yan rikiɗau. Ina wahala a nan?

Issoufou Maradi:
Sallama gare ku ƴan uwa. Mu nan kwankwamai muka cewa, ko mutanen ɓoye. In ko wanda ya mutu ne ya dawo, hwatalwa. Ku mutanen Kano kun bar kalmomin kakanni kuna ƙera sabbi.

Umar PS:
Yawwa, Issoufou ya tuna min. Anti Zainab ki kula, Ghost of Yotei ba na yokai ba ne. Jarumarsa Atsu mace ce mai rai da a 1603 take farautar waɗanda suka kashe danginta, mutane ne suke kiranta onryo, wato fatalwa mai neman fansa. Can "fatalwa" ta zauna daram. Kuma kamfanin da ya yi shi, Sucker Punch, na Amurka ne, kar ki ce na Japan.

Zainab Rediyo:
Umar Allah ya biya ka, da na tafka. Na gyara. Amma har yanzu ba ku ba ni kalma ba, ga magariba ta kawo jiki.

Bashir Zariya:
Ni ban ga laifin barin ta yokai ba. Ku saurare ta da kunnen Bahaushe: birai, dawakai, malamai, yokai. Kamar a Kurmi aka haife ta. Jam'i ce da kanta, ba ruwanki da tunanin namiji ce ko mace. Yokan Japan, yokan nan, yokai ne. In kina son tilo, biri da birai, yoki da yokai.

Abba Fagge:
Ko Bayoke, mace Bayokiya.

Malam Sabo Mai Nahawu:
To ga shi nan. Haka aka kashe mana "na'ura mai ƙwaƙwalwa" aka bar mu da kwamfuta. Yanzu ba Turanci kaɗai ba, har Japananci za mu durƙusa wa. Harshen da ake watsa labarai da shi daga Landan tun 1957, a ce ya rasa sunan da zai ba lema mai ido ɗaya? Sai yaushe za mu daina bara da ƙoƙon wasu?

Bashir Zariya:
Ranka ya daɗe, "aljani" daga ina muka samo shi? Littafin da ka ce ka rubuta rikiɗau a ciki, da alƙalamin da ka rubuta, har "nahawu" da ke maƙale a sunanka, duk na Larabawa ne. Aro bai taɓa kashe Hausa ba, da shi ta yi ƙiba.

Malam Sabo Mai Nahawu:
Waɗancan sun shigo da alwala. Kada ka haɗa su da abin da ya shigo ta gidan gem.

Issoufou Maradi:
Malam Sabo shina da gaskiya wuri guda. Amma in batun kishin harshe ne, mu nan Nijar tun 2025 an rubuta Hausa harshen ƙasa cikin doka. Ku can ina taku?

Abba Fagge:
Masu cewa lakwal ne za su koya mana kishi?

Issoufou Maradi:
Gara lakwal da "skul" da ɗiyanku ka hwaɗi.

Malama Hadiza:
Don Allah ku bari. Yarinya tana da aiki gobe kun koma rigimar Kano da Maraɗi. Zainab, ga abin da nake yi a aji idan baƙuwar kalma ta ƙi zama. Karon farko ki faɗe ta yadda take, ki bi ta da bayani: "yokai, wato dodanni da iskokin tatsuniyoyin Japan". Kalmar tatsuniya ce za ta kare ki daga masu kira. Daga nan ki kira kowanne da abin da ya dace da shi. Oni dodo, kappa ɗan ruwa, onryo fatalwa. Su Japanawan ne suka zuba su kwando ɗaya, mu ba dole ne mu yi haka ba.

Umar PS:
Na yarda, sai dai kwandon yana da amfani. A Nioh 2 jarumin rabinsa mutum rabinsa yokai. "Rabinsa dodo" zai sa a ɗauka mugu ne, alhali a cikinsu akwai masu taimako da masu tsokana kawai. Nan dole ta ce yokai.

Malam Sabo Mai Nahawu:
Rabinsa rikiɗau. Ku ji yadda ta zauna. Kuma a gem ɗin ma, Umar, ba rikiɗa yake yi in faɗa ya yi zafi ba?

Umar PS:
Gaskiya yana yi Malam.

Malam Sabo Mai Nahawu:
Alhamdu lillahi.

Zainab Rediyo:
Na gode muku duka. Ga abin da na tsayar, don kaina ya fara ciwo. Zan bi tsarin Malama Hadiza, yokai da bayani a farko. "Yoki" ban iya ba Bashir, na gwada a gaban madubi na fashe da dariya. Malam Sabo, zan sa rikiɗau wuri ɗaya, wajen yanyawa mai wutsiya tara.

Malam Sabo Mai Nahawu:
Wuri ɗaya. To. Ban gamsu ba, amma ba zan hana ki aikinki ba 'yata. Ki dai ja wasalin ƙarshe da kyau, kuma ɗ ce mai lanƙwasa, kar na ji "rikidau".

Zainab Rediyo:
An ɗauka, an gama. Furodusa ya bar yokai, ya bar fatalwa, ya yanke bayanin kappa wai lokaci. Da na zo kan rikiɗau sai mai kula da sauti ya ɗago kai ya ce wane ɗan majalisa nake nufi, sai da muka sake ɗauka sau uku. Tana ciki dai Malam, minti na 17. Yanzu wata ta taso: mako mai zuwa Okami zan yi, kuma farin kyarkecin da ke cikinsa Amaterasu ce, "kami" ta rana a Shinto, addinin gargajiyar Japan. Furodusa ya riga ya ce kar na kuskura na ce allahiya.

Abba Fagge:
Ni na tafi sallah.

Malam Sabo Mai Nahawu:
Ki dakata, ina da wata a littafina.